Wa Ke Riƙe da Makullin Kamfani Bayan Ma'aikaci Ya Tafi?

A watan Afrilu na 2018 wani injiniya ya ajiye aikinsa a kamfanin Cisco da ke Amurka. Bayan wata biyar, cikin Satumba, sai ga shi ya shiga rumbun kamfanin da ke kan na'urorin Amazon, ya goge kwamfutocin haya 456 waɗanda manhajar WebEx Teams ke gudana a kansu. Asusu fiye da 16,000 suka tsaya cak, wasu har tsawon mako biyu. Gyaran ɓarnar ya ci wa Cisco kimanin dala miliyan 1.4 na lokacin ma'aikata, ya kuma mayar wa abokan ciniki fiye da dala miliyan ɗaya. A Disamba 2020 kotu ta ɗaure mutumin shekara biyu. Abin da ya tsaya mini a rai a labarin nan tambaya ce guda: yaya aka yi mutumin da aka yi sallama da shi wata biyar baya yake da sauran hanyar isa ɗakin ajiya?

Cisco kuwa sana'arsa ke nan, kayan sadarwa da na tsaro yake sayar wa duniya. To, a ɗauki kamfanin rarraba kaya mai ma'aikata arba'in a Kano, ko asibitin kuɗi a Kaduna, ko ƙungiyar agaji a Maiduguri ko Maraɗi. Idan ka tambayi shugaban wurin manhajoji nawa ake aiki da su, zai lissafa maka uku ko huɗu: imel, ta lissafin kuɗi, ta biyan albashi, wataƙila da Zoom. Ka zauna da akanta ku bi rasiɗan shekara ɗaya, sai wasu su yi ta fitowa: rumbun ajiyar takardu, manhajar ƙididdigar kaya, ta zane, ta tura saƙon talla, shafin Facebook na kamfani. Kowace da sunan shigarta da kalmar sirrinta. Wasu an buɗe su ne da Gmail ɗin ma'aikacin da ya fara kawo su. Wasu mutum shida ke shiga da kalmar sirri ɗaya, wadda aka tura a guruf ɗin WhatsApp na ofis tun bara waccan, kuma tana nan zaune a wayar duk wanda ya taɓa shiga guruf ɗin. Ranar da ma'aikaci zai tafi, a karɓi makullin ofis da katin shaida da kwamfutar hannu, a yi masa fatan alheri. Jerin abokan ciniki da farashin sari da bayanan marasa lafiya kuwa suna nan a buɗe gare shi daga falon gidansa.

Akasarin masu barin aiki mutanen kirki ne, ba za su ko waiwayi asusun ba, kuma wannan ma wata damuwa ce. Asusun da ba mai kula da shi, ba mai sauya masa kalmar sirri, ba mai lura idan an shige shi da tsakar dare, shi ne abin da ɓarayin intanet suka fi nema.

Maganin da aka daɗe da sani shi ne tsarin shiga ta ƙofa ɗaya, wanda masu sana'ar ke taƙaitawa da haruffan SSO. Masu tallarsa da sauƙi suke jan hankalin mutane: ma'aikaci ya huta da haddace kalmomin sirri goma sha biyu. Gaskiya ne, amma a ganina wannan ce ƙaramar ribar. Babbar tana ranar sallama, lokacin da danna maɓalli ɗaya zai rufe wa mai tafiya ƙofar shiga kowace manhaja ta kamfani cikin minti guda, kuma shugaba ya iya bugun ƙirji ya ce ya san an rufe. Magabatanmu da suka yi wa gida zaure sun san dalili. Duk mai shiga ta nan zai bi, nan ake sallama, nan ake bambance baƙo da ɗan gida. Gidan da kowane ɗaki ke da ƙofarsa ta waje, ba wanda zai iya gaya maka wa ya shigo daren jiya.

Ga yadda abin ke gudana a aikace. Akanta ta iso da safe, ta buɗe shafin manhajar lissafi. Manhajar ba ta nemi kalmar sirri ba, sai ta miƙa ta zuwa shafin Microsoft ko na Google mai ɗauke da tambarin kamfaninsu. Ta rubuta imel ɗinta na aiki. Allo ya nuna mata lamba mai alƙaluma biyu, wayarta ta yi ƙara, ta shigar da lambar, ta ɗora ɗan yatsa. A bayan fage, mai tantancewa, wato Microsoft ko Google ɗin, ya rubuta 'yar gajeriyar takardar shaida cewa wance ce, ma'aikaciyarmu ce, tana sashen kuɗi, an tantance ta da ƙarfe takwas da minti biyar, kuma wannan shaida ta 'yan mintuna ce kawai. Ya buga mata hatimin lissafi wanda shi kaɗai ke da shi, burauzarta ta kai wa manhajar. Manhajar ta duba hatimin, ta ga na gaske ne, ta buɗe. Kalmar sirrin akantar ba ta taɓa isa hannun masu manhajar lissafi ba, don haka ko an yi musu kutse ba za a same ta a can ba. Anjima idan ta buɗe ta albashi, ba a sake tambayar ta komai.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1980 jami'ar MIT ta ƙirƙiro tsarin Kerberos, wanda Microsoft ya ɗora Active Directory a kansa a Windows 2000. Da manhajoji suka bar cikin ofis suka koma intanet, sai aka amince da ƙa'idar SAML 2.0 a 2005, sannan OpenID Connect ta zo a 2014. Masu tantancewar da aka fi sani yau su ne Microsoft Entra ID, wanda har zuwa 2023 ake kira Azure Active Directory, da Google Workspace, da Okta, sai Keycloak wanda kyauta ne ga mai iya kafa shi da kula da shi. Duk kamfanin da ke biyan kuɗin imel na aiki a wurin Microsoft ko Google ya riga ya mallaki mai tantancewa, ko da bai sani ba.

Haɗa manhaja ɗaya da mai tantancewa, ga wanda ya saba, aikin da bai kai awa guda ba ne. Ana kwafe adireshi biyu ko uku daga wannan shafi zuwa wancan, a sauke takardar hatimi daga nan a ɗora can, a nuna wane gurbi ne suna, wane ne imel, wane ne sashe, a gwada da mutum ɗaya kafin a buɗe wa kowa. Shi ya sa nake jin takaici idan shugaba ya ce a kira yaron kwamfuta ya yi, shi ke nan ya juya baya. Wahalar tana cikin abubuwan da ya kamata a warware kafin a taɓa kwamfuta, kuma ba yaron ne ke da ikon warware su ba.

Na farko shi ne adireshin kamfani, wato abin da ke biyo bayan alamar @ a imel. Duk tsarin a kansa yake tsaye, domin da shi mai tantancewa ke gane ɗan gida, kuma kafin Microsoft ko Google su yarda naka ne sai ka saka wata alama da suka ba ka a rajistarsa. A wurare da dama idan aka bincika, sai a tarar wanda ya gina wa kamfani shafin intanet shekarun baya shi ya yi rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa, kuma shi ake tura wa tunin biyan kuɗin shekara. Ranar da aka ɓata da shi, ko ya manta ya biya, kamfanin ya rasa tushensa. A Janairu 2025 wani mai bincike a kamfanin Truffle Security ya nuna cewa idan mutum ya sayi adireshin kamfanin da ya durƙushe, ya sake ƙirƙirar imel ɗin tsoffin ma'aikatansa, zai iya shiga wasu manhajojin da suka riƙa amfani da su ta maɓallin nan na shiga da Google. Don haka adireshi kadara ce kamar takardar fili. Da sunan kamfani ya kamata ya kasance, a biya kuɗin shekaru da dama gaba, kuma mutum fiye da ɗaya a cikin shugabanni ya san inda yake.

Na biyu shi ne jerin ma'aikata, kuma nan ne aka fi faɗuwa. Mai tantancewa ba ya sanin wa aka kora, wa ya yi murabus, wa aka mayar daga sashen kuɗi zuwa sito. Abin da aka gaya masa shi ya sani. Idan ofishin kula da ma'aikata bai sanar ba sai ƙarshen wata lokacin haɗa albashi, to tsohon ma'aikaci yana da kwana talatin yana yawo a cikin manhajoji goma ta ƙofar da aka gyara masa da kyau. Mu da muka san yadda sunayen matattu da na waɗanda suka yi ritaya ke daɗewa a takardar albashin gwamnati bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Sai an zauna an rubuta: wa ke sanarwa, wa yake sanar wa, cikin awa nawa. A wuraren aikinmu masu shigowa da fita suna da yawa, 'yan hidimar ƙasa na shekara guda, ɗalibai masu neman sanin makamar aiki na 'yan watanni, 'yan kwangila, mai binciken kuɗi daga waje. Irin waɗannan, tun ranar buɗe musu asusu ya kamata a sa masa ranar mutuwa. Canjin sashe ma haka: mutumin da ya zagaya sassa uku cikin shekara biyar, ana ƙara masa izini ba a cire na baya, yakan wayi gari yana iya rubuta takardar biya, ya amince da ita, ya kuma biya.

Akwai wani ƙaramin abu da littattafan jagora na kamfanonin waje ba su cika damuwa da shi ba, amma mu ya shafe mu sosai, wato maimaituwar suna. A ofis mai mutum sittin za ka samu Abubakar uku, Aisha huɗu, Muhammad kuwa ba a magana, wani lokaci har sunan mahaifi ya zo ɗaya. Manhajoji da yawa da adireshin imel suke gane mutum. Idan ma'aikaci ya tafi aka goge imel ɗinsa, bayan shekara aka ɗauki takwaransa aka ba shi wannan adireshin, manhajar za ta ɗauka na da ne ya dawo, ta buɗe masa duk abin da wancan ya bari har da izininsa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: adireshin da aka taɓa bai wa mutum ba a sake bai wa wani har abada, kuma inda manhaja ta yarda, a ɗaure ta da lambar da mai tantancewa ke bai wa kowane ma'aikaci wadda ba ta canzawa.

Sai abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Rufe mutum a wurin mai tantancewa yana hana shi sabuwar shiga ne kawai. Asusunsa na cikin manhajar yana nan, kamfani na ci gaba da biyan lasisinsa, kuma idan manhajar tana buɗe a wayarsa, tana iya ci gaba da aiki kwanaki kafin ta sake neman shaida. Don toshe wannan aka fito da ƙa'idar SCIM, wadda aka kammala sigarta ta biyu a 2015. Da ita mai tantancewa ke sanar da kowace manhaja kai tsaye cewa an ɗauki wane, an sauya wa wance sashe, an sallami wane. Inda manhaja ba ta da SCIM, dole a riƙe takardar sallama ta hannu, a bi ta layi layi.

Haka kuma idan an kunna sabuwar ƙofa ba a kashe tsohuwar hanyar shiga da kalmar sirri ba, an yi aikin banza. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Mayu 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai jigilar kusan kashi 45 cikin ɗari na man da gabashin Amurka ke sha, ya tsayar da bututunsa na kwanaki, aka yi ta layi a gidajen mai, ya kuma biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Ta wani tsohon asusun shiga daga nesa aka bi, wanda an daina amfani da shi amma ba a kashe ba, kuma kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa. A Janairu 2024 Microsoft da kansa ya bayyana cewa maharan Rasha sun karanta imel ɗin manyan shugabanninsa bayan sun shiga ta wani tsohon asusun gwaji marar mataki na biyu na tantancewa. A shekarar kuma aka sanar da kusan kamfanoni 165 masu ajiyar bayanai a kamfanin Snowflake cewa mai yiwuwa an shiga bayanansu da kalmomin sirrin sata, kuma Snowflake ya amsa cewa an shiga asusun gwaji na wani tsohon ma'aikacinsa wanda ba ya ƙarƙashin Okta. Duka ukun suna da babbar ƙofa mai tsaro. Ta wadda aka manta da ita aka shigo.

Yanzu ga ƙorafin da ya fi kowane nauyi, kuma ban raina shi ba. Idan komai ya rataya ga ƙofa ɗaya, wanda ya sami makullinta ya sami komai. Wannan ya faru. A kutsen SolarWinds da aka gano a Disamba 2020, maharan sun saci hatimin tantancewa na wasu hukumomi, suka riƙa buga wa kansu shaidar zama duk wanda suka ga dama. A 2023 wasu mahara da aka alaƙanta da Sin sun sami wani makullin hatimi na Microsoft, suka shiga imel ɗin ƙungiyoyi fiye da ashirin, suka kwashi saƙonni kusan 60,000 daga ma'aikatar harkokin wajen Amurka, kuma kwamitin binciken gwamnatin ƙasar ya ce abu ne da za a iya kauce masa. A Oktoba 2023 an shiga sashen taimakon abokan ciniki na Okta, aka ga fayilolin kamfanoni 134. Ko ba mahari, na'ura na tsayawa: ranar 14 ga Disamba 2020 tsarin tantancewar Google ya tsaya kusan minti 47, ya ja Gmail da YouTube ƙasa, kuma ranar 15 ga Maris 2021 na Microsoft ya hana mutane shiga Teams na sa'o'i.

Duk da haka ina tare da ƙofa ɗaya, saboda abin da ake kwatanta ta da shi. Kamfanin da ya ƙi ta yana zaune ne da kalmomin sirri ɗari huɗu a hannun mutum arba'in, rabinsu iri ɗaya ne da na Facebook ɗinsu. Ma'aikacin da ke sa kalma ɗaya a ko'ina ya riga ya haɗa komai a makulli guda, sai dai ba mai gadi, ba rajistar shiga, ba maɓallin rufewa. Kuma Microsoft da Google, da duk kurakuransu, suna da dubban injiniyoyi masu kwana kan wannan aiki, abin da mai ƙaramar manhajar ƙididdigar kaya ba shi da shi. Sharaɗin dai shi ne a tsare ƙofar gwargwadon abin da ke bayanta.

A nan ne ba na yarda da lambar da ake turowa ta saƙon tes. A shekarar 2022 wasu mahara suka riƙa tura wa ma'aikatan kamfanoni saƙo mai kai su shafin bogi mai kama da na Okta sak. Kamfanin bincike na Group-IB ya ƙirga ƙungiyoyi fiye da 130 da abin ya shafa. An shiga kamfanin Twilio. An kai wa kamfanin Cloudflare hari iri ɗaya, ma'aikatansa uku suka rubuta kalmar sirrinsu a shafin bogin, amma maharan suka tashi a tutar babu, domin kowane ma'aikaci a can yana da ɗan makullin ƙarfe da ake soka wa kwamfuta, kuma makullin yana duba adireshin shafi da kansa, ba ya amsa wa na bogi. Lambar tes ko ta manhaja, mutum na iya kwafe ta ya miƙa wa ɓarawo da hannunsa. Makulli ba ya kwafuwa. A ƙasashenmu kuma layin waya yana da nasa raunin: ana ƙwacen waya a titi, ana yi wa layin wani welkom bak da takardun ƙarya, kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin sadarwa na sake sayar da shi ga wani. Idan kuɗi bai kai a saya wa kowa makulli ba, a saya wa masu riƙe da ragamar tsarin, da shugabanni, da masu taɓa kuɗi, kowa biyu, ɗaya a aljihu ɗaya a akwatin ƙarfe. Sauran su yi amfani da manhajar tantancewa a waya. Lambarta mai alƙaluma shida da ke sauyawa duk daƙiƙa talatin ba ta buƙatar data ko sabis, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke aiki a ƙauye.

Amma mafi raunin wuri mutum ne, kuma a nan al'adarmu ta girmama na gaba, wadda nake alfahari da ita a wurare da dama, tana iya cutar da mu. A ƙarshen Agusta 2023 Okta ya gargaɗi abokan cinikinsa cewa mahara na kiran sashen taimakon ma'aikata a waya, suna shigar burtu a matsayin manyan jami'ai, suna neman a sake musu saitin tantancewa. Ba a yi mako biyu ba aka durƙusar da otal-otal ɗin MGM a Las Vegas, rahotanni suka ce ta irin wannan kira ne, kamfanin kuma ya ce asarar ta kai kusan dala miliyan 100. Yanzu a kawo shi gida. Matashin jami'in kwamfuta yana zaune, kira ya shigo daga baƙuwar lamba: “Alhaji ne ya ce a kira ka, yana filin jirgi, an sace wayarsa, kuma akwai biyan da dole ya amince da shi kafin la'asar. Ka cire masa tantancewar nan yanzu.” Wane yaro ne zai ce wa Alhaji a'a? Zai ce, “To, ranka ya daɗe,” ya danna. Ba za a magance wannan da yi wa yaron faɗa ba. Shugaban ne da kansa zai tara ma'aikata ya faɗa a gabansu cewa ko shi ne ya kira, kada a sake masa saiti sai an kira shi ta lambar da ke rubuce a fayil ɗinsa ko an gan shi ido da ido, kuma duk wanda ya tsaya kan wannan ƙa'ida ba zai fuskanci fushi ba. Idan wannan magana ba ta fito daga bakin mai gida ba, duk makullan ƙarfen da aka saya ba su da amfani.

Dole kuma a yi tanadin ranar da ƙofar za ta ƙi buɗuwa. Microsoft na ba da shawarar a ajiye aƙalla asusun gaggawa biyu waɗanda ba su rataya ga wayar kowa ba, a kulle bayanansu, a sa ƙararrawa ta yi ƙara duk sanda aka taɓa su. Takardar hatimi ma tana da wa'adi, a Entra shekara uku ne idan ba a sauya ba, kuma sau da yawa wanda ya kafa ta ya bar aiki kafin ta ƙare, tunin yana tafiya akwatin da ba mai buɗewa, sai wata safiya kowa ya kasa shiga. A yankinmu akwai ƙarin dalili. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya da Ghana suka shiga wahala. A Satumba 2021 an katse sadarwa gaba ɗaya a Zamfara, daga baya a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Asibitin da manhajar bayanan marasa lafiyarsa ke kan kwamfutar da ke ɗakin kusa, idan ya ɗaure shigarta kacokan da tantancewar da ke ƙetare, ranar da intanet ya yanke likita zai tsaya yana kallon na'urar ba zai iya buɗe fayil ba. Irin wannan wuri yana buƙatar hanyar gaggawa ta cikin gida, rubutacciya, wadda aka gwada.

Sai batun kuɗi, inda raina ya fi ɓaci. Masu manhajoji da yawa sun mayar da wannan tsaro kayan alatu, sun ɓoye shi a rukunin farashi mafi tsada. GitHub ya daɗe yana sayar da rukunin ƙananan ƙungiyoyi dala 4 ga mutum a wata, amma mai son SAML sai ya hau rukunin dala 21. Ga ma'aikata talatin bambancin ya kai dala 510 kowane wata. Dala kuwa da take kusan naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, wato sama da naira 750,000 a wata don kawai a iya rufe asusun wanda ya tafi. Ƙa'idojin nan a buɗe suke ga kowa, SAML ta shekara ashirin. A Yuni 2024 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta fitar da rahoto kan abin da ke hana ƙananan kamfanoni rungumar SSO, ta sa tsada a sahun gaba, ta kuma yi kira ga masu manhajoji su daina cajin sa daban. Idan ƙaramin kamfani a Amurka yana kuka da wannan, mai samun kuɗinsa da naira ko sefa me zai ce? Abin da ke hannun ƙaramin kamfani shi ne ya duba maɓallin shiga da Google ko da Microsoft, wanda manhajoji da yawa ke bayarwa a rukuni mai araha, ya tilasta amfani da imel na aiki a kansa, ya kashe kuɗin babban rukuni a manhaja biyu ko uku da ke riƙe da kuɗi da bayanan mutane, sauran kuma ya zuba su a manhajar adana kalmomin sirri ta kamfani.

Ma'aikaci ma yana da haƙƙi a wannan tsari, kuma ba a cika tambayarsa ba. Wayarsa ce ta kansa ake cewa ya sa wa manhajar tantancewa. Direba ko mai kula da sito da ke riƙe da ƙaramar waya mai tocila, kamfani ne ya kamata ya ba shi makulli, bai dace a ce ya sayi babbar waya da albashinsa ba. Rajistar shiga tana nuna lokaci da na'ura da kusan garin da mutum yake, kuma wannan bayanin mutum ne. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta shafi ma'aikata kamar yadda ta shafi abokan ciniki, don haka a gaya musu me ake tarawa, wa ke gani, har yaushe ake ajiyewa. Dokar ce kuma ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan an yi kutsen da ka iya cutar da mutane, ta tanadi tarar da ga manyan masu riƙe bayanai za ta iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Kamfanin da bai san asusu nawa yake da su ba, ba zai iya bayyana wa ya ga me cikin kwana uku ba.

Magana ta ƙarshe ga masu rubuta manhaja na gida, matasanmu da ke gina wa makarantu da asibitoci da shagunan magani da ƙungiyoyin adashe tsarin aiki a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai. Da yawansu har yanzu kowa na gina nasa teburin kalmomin sirri, yana ɗaukar wa kansa nauyin da bai kamata ya ɗauka ba. Kayan haɗa OpenID Connect suna nan kyauta a kusan kowane harshen shirya manhaja, kuma aikin 'yan kwanaki ne. Masu saye su ma su sa shi cikin takardar kwangila tun kafin a biya kason farko: manhajar ta karɓi shiga da imel na aiki ba tare da ƙarin kuɗi ba, ta ba da damar kashe shiga da kalmar sirri, ta fitar da mutum daga duk na'urorinsa da zarar an rufe shi, kuma asusun da mai manhajar ke shiga da shi don gyara ya kasance a rubuce, da sunan wanda ke riƙe da shi, da ranar da za a sake duba shi.